Muhawarar neman mai tsara kai hari na Iowa Hawkeyes (2023–2024)

Muhawarar neman mai tsara kai hari na Iowa Hawkeyes taƙaddama ce da ta gudana tsakanin magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta Jami'ar Iowa, da 'yan jaridar wasanni, da shugabannin jami'ar, tun daga kakar wasa ta 2022 har zuwa ƙarshen watan Janairun 2024. Taƙaddamar ta samo asali ne daga gazawar ƙungiyar wajen cin maki a ƙarƙashin Brian Ferentz, wanda ke riƙe da muƙamin mai tsara kai hari tun 2017, kuma ɗa ne ga babban kociyan ƙungiyar, Kirk Ferentz. A ranar 30 ga Oktoban 2023 jami'ar ta sanar da cewa Brian ba zai ci gaba da aiki ba bayan ƙarshen kakar. An shafe kimanin wata uku ana neman wanda zai gaje shi, kafin a naɗa Tim Lester a ƙarshen Janairun 2024.

Batun ya ja hankali a faɗin Amurka saboda abubuwa uku: ƙungiyar tana cin wasanninta duk da ƙarancin maki, wanda ake kuka da shi ɗan shugaba ne, sannan jami'ar ta rubuta adadin makin da take so a cikin kwantiraginsa, abin da ba a saba gani ba.

Aikin mai tsara kai hari

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili, amma waɗanda ke kai hari daban suke da waɗanda ke tsaron gida. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. Idan ta yi haka sai a sake ba ta wasu damar huɗu. Idan ta kai ƙwallo har ƙarshen filin abokan hamayya, wato abin da ake kira tocdawun, ta samu maki 6, kuma tana iya ƙara maki 1 ko 2 a kai. Bugun da ya wuce tsakanin sanduna yana kawo maki 3. Idan kuma masu tsaron gida suka kayar da mai riƙe da ƙwallo a cikin gidansa, ana ba su maki 2, wanda ake kira sefti. Ƙungiyar da ta ga ba za ta cika yadi 10 ba yawanci takan buga ƙwallon nesa a dama ta huɗu, ta sallama ta ga abokan hamayya a wuri mai nisa da gidanta.

Wasan yana tsayawa bayan kowace dama, kuma kafin a ci gaba dole ne wani ya zaɓi dabarar da za a yi: gudu da ƙwallo ko jifa, ta wane ɓangare, kuma wa za a ba. Mai tsara kai hari shi ne kociyan da yawanci ke yin wannan zaɓi, sau da dama a kowane wasa, yana aika wa ɗan wasan da ke jefa ƙwallo, wato kwatabak. Shi ne kuma ke rubuta kundin dabarun ƙungiya, ya shirya tsarin kowane mako bayan nazarin bidiyon abokan hamayya, ya kuma taimaka wajen janyo matasan 'yan wasa daga makarantun sakandare. Takwaransa a ɗaya ɓangaren shi ne mai tsara tsaron gida. Dukansu biyu suna ƙarƙashin babban koci. Da yake kowane ɗan kallo yana ganin sakamakon zaɓinsa nan take, mai tsara kai hari ne aka fi ɗora wa laifi idan maki suka yi ƙaranci.

Ƙungiyar da salon wasanta

Jami'ar Iowa tana birnin Iowa City, kuma ƙungiyarta tana buga wasa a gasar Big Ten. Filin wasanta, Kinnick Stadium, yana ɗaukar mutum kusan 69,000. Jihar Iowa ba ta da ƙungiya a gasar ƙwararru ta NFL, don haka ƙungiyoyin jami'o'i ne suka fi samun magoya baya a jihar.

Kirk Ferentz ya gaji Hayden Fry, ya fara jagorantar ƙungiyar a kakar 1999. An san shi da salon taka-tsantsan: tsaron gida mai ƙarfi, gudu da ƙwallo, guje wa kuskure, da bugun nesa da ke tura abokan hamayya baya. A wannan tsari ba a neman masu kai hari su ci maki da yawa. Abin da ake so shi ne kada su zubar da ƙwallo, su kuma bar masu tsaron gida a wuri mai sauƙi. Ferentz ba ya yawan sauya mataimakansa. Kafin 2024 mutum uku kaɗai suka riƙe masa muƙamin mai tsara kai hari: Ken O'Keefe daga 1999 zuwa 2011, Greg Davis daga 2012 zuwa 2016, sai Brian Ferentz. A ɓangaren tsaron gida kuwa, Phil Parker ke riƙe da muƙamin tun 2012.

Brian Ferentz da batun dangantaka

Brian Ferentz ya buga wa Iowa wasa a farkon shekarun 2000 a ƙarƙashin mahaifinsa. Daga baya ya yi aiki da ƙungiyar New England Patriots ta NFL, kafin ya koma Iowa a 2012 a matsayin kociyan layin gaba, wato 'yan wasan da ke kare kwatabak da buɗe hanya ga mai gudu da ƙwallo. An ƙara masa girma zuwa mai tsara kai hari a watan Janairun 2017.

Jami'ar tana da dokar hana ma'aikaci zama shugaban ɗan'uwansa kai tsaye. Domin a bi dokar, an rubuta cewa Brian yana ƙarƙashin daraktan wasanni na jami'ar, Gary Barta, maimakon mahaifinsa. Masu suka sun daɗe suna cewa wannan tsari a takarda kawai yake, tunda a filin atisaye da ranar wasa Kirk Ferentz ne ke ba da umarni.

Shekarun farko na Brian ba su jawo ƙorafi mai yawa ba. A 2017 Iowa ta doke Ohio State da ci 55 da 24, kuma a kakar 2018 da ta 2020 ƙungiyar ta ci sama da maki 30 a kowane wasa idan aka yi matsakaici. Koma-bayan ya fara bayyana a 2021. A waccan kakar Iowa ta kai matsayi na biyu a jadawalin ƙasa, amma Michigan ta doke ta da ci 42 da 3 a wasan ƙarshe na Big Ten. Duk da haka, a 2022 an ƙara wa Brian aikin horar da masu jefa ƙwallo.

Kakar 2022

Wasan farko na 2022 ya zama abin misali a muhawarar. Iowa ta doke South Dakota State, wadda ke rukuni na ƙasa da nata, da ci 7 da 3 ba tare da tocdawun ko ɗaya ba. Makin bakwai sun fito ne daga bugu ɗaya tsakanin sanduna da sefti biyu, ma'ana masu tsaron gida sun ci maki 4, masu kai hari sun ci 3. A wannan kakar ne 'yan kallo suka riƙa yin ihu a Kinnick suna cewa a kori Brian.

Iowa ta kammala kakar da nasara 8 da rashin nasara 5, da matsakaicin maki 17.7 a kowane wasa. A yawan yadin da aka ci ta zo ta 130 cikin ƙungiyoyi 131 na babban rukunin jami'o'i. Ko a wasan rufe kaka na Music City Bowl, inda ta doke Kentucky 21 da 0, masu tsaron gida ne suka ci biyu daga cikin tocdawun uku, bayan sun tare jifan abokan hamayya.

Yarjejeniyar maki 25

A watan Fabrairun 2023 Gary Barta ya sanar da gyara kwantiragin Brian Ferentz. An rage albashinsa na shekara daga dala 900,000 zuwa dala 850,000, aka kuma gindaya sharuɗɗa biyu: ƙungiyar ta ci aƙalla wasa 7, kuma ta samu matsakaicin maki 25 a kowane wasa. Idan aka cika su, kwantiragin zai ci gaba. Idan ba a cika ba, zai ƙare. Da yake ana sa ran buga wasa 13, jimillar makin da ake buƙata ta kama 325, kuma wannan adadi ya zama abin da magoya baya da 'yan jarida ke lissafi a kansa kowane mako.

An soki yarjejeniyar ta fuskoki da dama. Wasu sun ce maki 25 ba wani babban buri ba ne, domin yawancin ƙungiyoyin rukunin suna wuce haka. Wasu sun nuna cewa za a haɗa har da makin da masu tsaron gida da masu bugu suka ci, ta yadda aikin Phil Parker zai iya ceto kujerar Brian. Akwai kuma masu ganin sharaɗin ya ci karo da salon Kirk Ferentz, wanda ba ya neman ƙarin maki idan ya tabbatar da nasara. Barta ya yi ritaya a watan Agustan 2023, kafin a fara kakar, aka naɗa Beth Goetz daraktar wasanni ta riƙon ƙwarya.

Kakar 2023 da sanarwar Goetz

Iowa ta shiga kakar 2023 da sababbin 'yan wasa, musamman kwatabak Cade McNamara da mai karɓar jifa Erick All, waɗanda suka zo daga Michigan. Ta ci maki 24 da 20 da 41 a wasanni uku na farko. A wasa na huɗu Penn State ta doke ta 31 da 0, inda Iowa ta ci yadi 76 kacal. Mako ɗaya bayan haka McNamara ya ji rauni a gwiwa a wasa da Michigan State, bai sake buga wasa a kakar ba. All da Luke Lachey, waɗanda su ne manyan masu karɓar jifa, su ma rauni ya fitar da su. Deacon Hill, wanda bai da gogewa, shi ne ya karɓi aikin kwatabak.

A ranar 21 ga Oktoba Minnesota ta doke Iowa 12 da 10 a Kinnick, bayan alƙalan wasa sun soke tocdawun ɗin Cooper DeJean a mintunan ƙarshe. A lokacin ƙungiyar tana da nasara 6 da rashin nasara 2, da jimillar maki 156, wato matsakaicin 19.5. Ranar 30 ga Oktoba Goetz ta fitar da sanarwa cewa, bayan tattaunawa da Kirk Ferentz da shugabar jami'ar Barbara Wilson, ta shaida wa Brian cewa wannan ce kakarsa ta ƙarshe, amma zai ci gaba da aiki har a kammala ta. Washegari Kirk Ferentz ya gaya wa manema labarai cewa al'adarsa ita ce a jira ƙarshen kaka kafin a yanke hukunci a kan ma'aikata, abin da aka fahimta a matsayin rashin jin daɗin lokacin da aka yi sanarwar. An yi ta raɗe-raɗin zai ajiye aiki, har sai da ya fito ya ce yana nan daram.

Bayan sanarwar Iowa ta ci wasanni huɗu a jere: Northwestern 10 da 7, Rutgers 22 da 0, Illinois 15 da 13, Nebraska 13 da 10. Da haka ta lashe shiyyar yamma ta Big Ten. Sai dai ba ta ci maki ko ɗaya ba a wasanni biyu na ƙarshe: Michigan ta doke ta 26 da 0 a wasan ƙarshe na Big Ten, Tennessee kuma 35 da 0 a Citrus Bowl ranar 1 ga Janairun 2024. Ta kammala da nasara 10 da rashin nasara 4, da jimillar maki 216 a wasa 14, wato matsakaicin 15.4, kuma ita ce ta ƙarshe cikin ƙungiyoyi 133 a yawan yadi. A wannan kakar Phil Parker ya lashe kyautar Broyles ta gwarzon mataimakin koci, mai bugun nesa Tory Taylor ɗan ƙasar Ostireliya kuma ya lashe kyautar Ray Guy.

Neman magaji

Ko da yake Goetz ce ta sanar da tafiyar Brian, zaɓen magajinsa yana hannun Kirk Ferentz. Bai yi gaggawa ba, ya nuna cewa zai fi mayar da hankali a kai bayan an gama wasanni. Wannan jinkiri ya zama wani sabon abin muhawara, domin a wancan lokacin a watan Disamba ne ake buɗe damar sauya sheƙa ga 'yan wasan jami'o'i, kuma a watan ne yawancin ɗaliban sakandare ke sa hannu. Masu ƙorafi sun ce babu kwatabak ko mai karɓar jifa na kirki da zai zo ƙungiyar da bai san wanda zai horar da shi ba, kuma sauran jami'o'i suna ɗauke kociyoyin da suka fi ƙwarewa. Masu goyon bayan Ferentz sun ce jira har Janairu yana ba da damar tattaunawa da kociyoyin NFL, waɗanda kakarsu ba ta ƙarewa da wuri.

Sunayen da kafofin watsa labarai suka fi ambata sun haɗa da:

Paul Chryst, tsohon babban kociyan Wisconsin daga 2015 zuwa 2022, wanda salonsa ya yi kama da na Iowa. A 2023 yana aiki da Jami'ar Texas. Rahotanni a watan Janairu sun ce ya zaɓi kada ya karɓi aikin.

Joe Philbin, wanda ya horar da layin gaba na Iowa a shekarun farko na Ferentz, daga baya ya zama mai tsara kai hari na Green Bay Packers, sannan babban kociyan Miami Dolphins.

Kevin Johns, mai tsara kai hari na Jami'ar Duke a 2022 da 2023, wanda aka ɗauka shi ne kan gaba a kwanakin ƙarshe na neman.

Jon Budmayr, wanda tuni yake cikin ma'aikatan Iowa. Magoya baya da yawa sun nuna fargabar a ɗauko na cikin gida.

Ra'ayoyin magoya baya

Ana iya kasa ra'ayoyin da aka bayyana gida uku, ko da yake mutum ɗaya kan iya riƙe fiye da ɗaya.

Kashi na farko sun nemi a kawo baƙo mai sabon tsari, wanda ke baza 'yan wasa a faɗin fili, yana yawan jifa, yana kuma amfani da kwatabak mai iya gudu. Hujjarsu ita ce, da tsaron gida irin na Parker, ko matsakaicin kai hari zai iya sa Iowa ta yi gogayya da manya. Sun kuma tunatar da cewa daga 2024 za a soke tsarin shiyyoyi a Big Ten, kuma USC da UCLA da Oregon da Washington za su shigo, don haka hanyar da Iowa ke bi zuwa wasan ƙarshe ta shiyyar yamma za ta rufe.

Kashi na biyu sun ce salon Ferentz shi ne ya dace da jihar da ba ta da yawan jama'a, wadda ba ta iya gogayya da Ohio State ko Michigan wajen janyo fitattun matasa. A ganinsu nasara 10 a 2021 da nasara 10 a 2023 sun isa shaida, kuma raunin McNamara da All da Lachey ne ya lalata lissafin 2023. Sun yi gargaɗin cewa kai hari cikin gaggawa yana mayar da ƙwallo ga abokan hamayya da wuri, ya gajiyar da masu tsaron gida, waɗanda su ne ƙarfin ƙungiyar. Sukan kawo misalin Nebraska, maƙwabciyarsu, wadda ta yi ta sauya kociyoyi ba tare da ta dawo da martabarta ta da ba.

Kashi na uku sun ce sunan wanda za a ɗauka ba shi ne abin dubawa ba. A wurinsu tsarin na Kirk Ferentz ne, kuma an yi irin wannan ƙorafi a kan O'Keefe da Davis kafin Brian. Tambayarsu ita ce ko babban kociyan zai bar sabon mutum ya yi aiki yadda ya iya. Daga cikinsu ne aka fi jin maganar riƙon amana: jami'ar gwamnati ce, kuma an ɗauki shekaru ba a san takamaimai wanda zai iya sallamar ɗan babban koci ba. Ferentz yana da kwantiragin da ya kai 2029, a kan kusan dala miliyan 7 a shekara, abin da ya sa ake ganin yana da ƙarfin da daraktan wasanni ba zai iya ja da shi cikin sauƙi ba.

Naɗin Tim Lester

A ƙarshen Janairun 2024 aka tabbatar da ɗaukar Tim Lester, wanda sunansa bai fito ba sai dab da ƙarshe. Lester ya buga kwatabak a Jami'ar Western Michigan, ya yi mai tsara kai hari a Syracuse, ya horar da masu jefa ƙwallo a Purdue a 2016, sannan ya zama babban kociyan Western Michigan daga 2017 zuwa 2022, inda ya ci wasa 37 ya rasa 32 kafin a sallame shi. A 2023 ya yi aikin nazari da Green Bay Packers a ƙarƙashin Matt LaFleur.

Martanin farko ya rabu. Waɗanda suka sa rai da babban suna sun ce wata uku na jira bai haifar da abin a zo a gani ba, suka kuma nuna cewa ƙungiyarsa ta ƙarshe a Western Michigan ta sha wahala wajen cin maki. Wasu kuma sun ji daɗin cewa tsohon kwatabak ne, ba ɗan gida ba, kuma ya zo da tsarin da ake dangantawa da Mike Shanahan da ɗansa Kyle, wanda ya dogara da gudu da ƙwallo da motsa 'yan wasa kafin a fara kowace dama domin rikita masu tsaron gida. Wannan tsari bai yi nisa da abin da Ferentz ya yarda da shi ba. A cikin watan ne kuma aka tabbatar da Beth Goetz a matsayin cikakkiyar daraktar wasanni.

Abin da ya biyo baya

A kakar 2024 matsakaicin makin Iowa ya tashi zuwa 27.7 a kowane wasa, sama da adadin 25 da aka gindaya wa Brian Ferentz. Ƙungiyar ta ci maki 40 ko fiye a wasanninta da Illinois State da Washington da Northwestern da Wisconsin. Mai gudu da ƙwallo Kaleb Johnson ya ci yadi 1,537 da tocdawun 21 ta hanyar gudu. Sai dai ɓangaren jifa bai gyaru sosai ba, kuma ƙungiyar ta kammala da nasara 8 da rashin nasara 5, bayan Missouri ta doke ta 27 da 24 a Music City Bowl.

Sakamakon bai kawo ƙarshen muhawarar ba. Masu neman sauyi sun kafa hujja da ƙaruwar maki da aka samu cikin shekara ɗaya, masu kare tsohon tsari kuma sun nuna cewa an ci wasanni biyu ƙasa da na 2023. Brian Ferentz ya koma aiki da Jami'ar Maryland a 2024.